Kafin Ku Taɓa Kwamfutar Mutum

'Ya'yana masu harkar kwamfuta, ku da kuke ɗaura wa mutane Wi-Fi a gidaje, kuke jan waya a ofisoshi, kuke kafa kyamarorin tsaro a shaguna, ina da magana da ku. Allah ya yi muku saurin hannu da saurin fahimta, kuma ina jin daɗin ganin haka har cikin zuciyata. Sai dai akwai ɓangaren sana'ar nan da ba a cika koyar da shi a bidiyo ba, kuma shi ne yake bambanta wanda za a riƙa nema shekara da shekaru da wanda za a kira sau ɗaya a goge lambarsa.

Kwamfutar da aka ajiye muku a kan tebur tana da farashi, a Farm Centre ko titin Beirut na Kano za a faɗa muku shi nan take. Abin da ke cikinta kuwa babu mai iya yi masa kuɗi sai mai shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana da sunayen duk waɗanda suka ɗebi shadda da atamfa bashi, daga Damagaram har Yola, a cikin fayil ɗaya. Mai makaranta yana da sakamakon ɗalibansa na shekaru. Uwar gida tana da hotunan mahaifinta da ya rasu, waɗanda babu su a ko'ina sai nan.

Na taɓa zama a wani shagon gyara, sai ga wani dattijo ya kawo kwamfutar ofishinsa, ya ce ta ƙi tashi. Yaron shagon mai ƙwazo ne ƙwarai. Ya kunna, ya duba, ya ce, "Baba, Windows ɗin ce ta lalace, sai an yi fomatin." Dattijon bai san abin da ake nufi ba, ya ce, "To ɗana, yi abin da ya dace." Kafin la'asar kwamfuta ta tashi fes. Dattijo ya gyara zama, ya sa tabarau, ya shiga neman inda yake ajiye takardun filaye da rasiɗan mutanen da ya sayar wa. Ya duba nan, ya duba can. Can ya ɗago kai ya ce, "Ina kayana?" Yaro ya rasa bakin magana. Wallahi ba da mugunta ya yi ba, tambaya ɗaya kawai ya tsallake: "Baba, me ke ciki wanda idan ya ɓace za ka shiga damuwa, kuma akwai shi a wani wurin?" Da ya cire rumbun ajiyar ya jona shi a wata kwamfutar, da ya kwashe komai kafin ya goge. Ko bayan gogewar ma, idan rumbun irin na da ne mai faifai, akan iya ceto wani abu matuƙar an daina rubuta sabon abu a kansa. Sabbin nan da ake kira SSD kuwa, abin da ya tafi da wuya ya dawo.

Saboda haka aikin farko a kowane gida ko ofis da aka damƙa muku shi ne kwafin ajiya. Masu sana'ar suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kowane abu mai muhimmanci ya kasance yana da kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wajen ginin. Na wajen ginin shi mutane suka fi yi wa sakaci. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san cewa abin da aka ajiye a aljihun tebur ɗaya da kwamfuta tare suke tafiya. Ajiyar intanet irin su Google Drive da OneDrive tana biyan wannan buƙata, amma kada ku ɗora mata dukkan nauyin. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu hulɗa da shi suka rasa bayanansu har abada, domin kwafin nasu ma a harabar yake. Mu kuma nan, a ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da maƙwabtansu suka yini suna fama, har bankuna. Wanda duk lissafinsa yana can sama, ba shi da komai a ƙasa, ranar hannu ya naɗe.

Akwai wani kuskuren da har manya suke faɗawa, kuma ina so ku tsaya ku fahimce shi da kyau. Na'urori biyu da suke kwaikwayon juna kai tsaye ba kwafin ajiya ba ne. Idan aka goge abu a ɗaya, nan take zai goge a ɗayar. Idan cuta ta shiga ɗaya, ta shiga duka.

Kamfanin Maersk na ƙasar Denmark, wanda kwantenoninsa suke sauka a Apapa da Tema, ya sha wannan darasi a ranar 27 ga Yuni, 2017. Wata muguwar manhaja da aka yi wa laƙabi da NotPetya ta ɓulla a Yukren, ta cikin wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc da kamfanonin ƙasar suke amfani da ita. Maersk yana da ofis a can. Daga nan ta bi hanyar sadarwar kamfanin ta zagaya duniya cikin ɗan lokaci, allunan kwamfutoci suka riƙa yin baƙi ɗaya bayan ɗaya, manyan motoci suka yi dogon layi a ƙofofin tashoshin jiragen ruwa. Da aka zo farfaɗowa, an samu kwafin abubuwa da yawa, sai na abu ɗaya da ba a iya komai sai da shi: kwamfutocin da suke riƙe da rajistar ma'aikata, wato wane ne wane, kuma ina aka yarda ya shiga. Kamar yadda mujallar Wired ta ba da labari a 2018, irin waɗannan kwamfutoci kusan 150 kamfanin yake da su, kowace tana kwafar 'yar uwarta, don haka aka ɗauka ba za su taɓa mutuwa gaba ɗaya ba. Sai ga shi sun mutu a tare. Aka yi ta buga waya ofis-ofis, har aka dace da guda ɗaya da ta tsira a ofishin Ghana. Dalilin tsirarta shi ne an ɗauke wuta kafin harin, ta fita daga layi, cutar ba ta same ta ba. Intanet ɗin ofishin ba shi da ƙarfin tura bayanan da wuri, ma'aikatan wurin kuma ba su da bizar Ingila. Sai ɗaya daga cikinsu ya ɗauko rumbun ya hau jirgi zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani abokin aikinsa a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Daga baya shugaban kamfanin ya bayyana cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan manyan kwamfutocin saba 4,000 da ƙananan kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300.

Abin da ɗauke wuta ya yi wa Maersk bisa sa'a, ku ku yi shi da gangan. A samu rumbu na waje, a jona shi, a kwafa, a cire shi, a kulle a wani wuri. Idan da hali a yi biyu, ana musanya su mako-mako. Wanda yake jone dare da rana, duk abin da ya samu kwamfutar zai same shi.

Kuma ku riƙa gwadawa. Kwafin da ba a taɓa dawo da shi an buɗe an gani ba, zato ne kawai ake yi akwai shi. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin. Da aka koma ga kwafin ajiya, ashe ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Wata ma'aikaciya mai jego da take aiki daga gida ce aka samu kwafi a kwamfutarta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko sau ɗaya a wata, ku zaɓi fayil biyu ko uku daga cikin kwafin, ku buɗe su a gaban mai wurin, ya gani da idonsa.

Sai maganar sabunta manhaja. Na san abin da ake faɗa: tana cinye data, tana sa kwamfuta nauyi, tana tsayar da aiki a lokacin da ake sauri. Shi ya sa da yawanku kuke kashe ta tun ranar farko, don maigida ya ji daɗi. Ku dubi abin da ya faru a ranar 12 ga Mayu, 2017, lokacin da WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Irin manhajar nan ce mai garkuwa da bayanai, ta kulle su ta nemi kuɗin fansa, dala 300 a kan kowace kwamfuta. A Ingila asibitocin gwamnati ne suka fi jin jiki, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar da manhajar ta bi ta shiga tun 14 ga Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta sun kwana lafiya. To yau Windows 7 ta daina samun gyara tun Janairun 2020, Windows 10 ma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali su ne cike da ofisoshinmu da shagunan buga takardu. Idan maigida ba shi da kuɗin sabuwar na'ura, ku zauna da shi ku yi shawara. Tsohuwar kwamfutar da aikinta bai wuce rubutu da lissafi da shiga intanet ba tana iya ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne kuma ana sabunta su. Wadda dole sai ta zauna da tsohuwar Windows saboda wata manhaja ta musamman, a raba ta da intanet gaba ɗaya.

Ban ce ku riƙa sabuntawa ido rufe ba. A watan Yulin 2024 wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. A ofis mai na'urori da yawa, a fara gwadawa a kan guda ɗaya, a ga ta wuni lafiya, sannan a bi sauran. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu hankali ne. Na wata shida sakaci ne.

Manhajar kirak kuma, na san tsadar dala, na san ba kowa ne zai iya sayen lasisi ba. Amma ku tambayi kanku: mutumin da ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya saka ta kyauta, har yana umartar ku da ku kashe rigakafin kwamfutarku kafin ku ɗora, me yake nema? Sau da yawa ladansa yana cikin abin da ya cusa a ciki. LibreOffice tana yin mafi yawan aikin rubutu da lissafi ba tare da sisi ba, Microsoft Defender kuma tare da Windows take zuwa. Ku bar ta a kunne.

Yanzu mu zo kan rauta, ƙaramar na'urar nan da ake liƙawa a bango a manta da ita. Kalmomin sirri biyu gare ta, na shiga Wi-Fi da na shiga cikin saitinta. Na farkon kowa yana canzawa. Na biyun sai a bar shi yadda ya zo daga kamfani, wanda duk mai waya zai iya nemo shi a intanet. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci. A ranar 21 ga Oktoba aka tara su aka afka wa wani kamfani mai suna Dyn, mutane da yawa a Amurka suka kasa shiga Twitter da Netflix. Masu kyamarorin suna zaune a gidajensu, ba su san da kayansu ake ɓarna ba. Ku canza kalmar saitin, ku sa tsaron WPA2 ko WPA3, ku kashe WPS, ku rufe hanyar shiga saitin daga waje. A shago ko otal ko asibiti, ku ware wa baƙi layinsu daban, kada wayar kowane mai wucewa ta haɗu a layi ɗaya da kwamfutar lissafi.

Kyamarar gida ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mutum ya kira ka don yana tsoron ɓarayi, ka kafa masa ɗaya a ƙofa, ɗaya a tsakar gida inda iyalinsa suke kai da kawowa babu mayafi. Ka gwada a wayarka ka ga tana aiki, ka karɓi kuɗinka ka tafi. Gidan nan fa har yanzu yana cikin wayarka. Ɗana, kafin ka fita daga gidan, ka miƙa wa maigidan wayarsa ya sa kalmar sirri da hannunsa, kai kana kallon wani wajen, sannan ka goge gidan daga taka wayar a gabansa. Idan ka ga inda yake so a kafa ta bai dace ba, ka faɗa masa cikin ladabi. Sau da yawa bai yi tunanin wani zai iya gani ba ne.

Kalmar sirri ta yi tsawo, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi gajeriya mai tarkacen alamomi. Ban da shekarar haihuwa, ban da lambar waya, ban da sunan ɗan fari. Kowane asusu da tasa. Akwai manhajojin adana su irin Bitwarden da KeePass, dattijon da ba zai iya da su ba kuwa ƙaramin littafi a cikin akwati mai kwaɗo ya fi masa kalma ɗaya a ko'ina. A imel da banki da WhatsApp a kunna tabbaci na biyu, a kuma koya wa kowa a gidan cewa lambar da ta shigo waya ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake. A ofis kowane ma'aikaci ya samu nasa asusun, ranar da ya bar aiki a rufe shi. A 2021, ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, kuma babu tabbaci na biyu a kansa, masu kutse suka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline. Bututun ya tsaya kwanaki, aka yi layin mai a gabashin Amurka, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

A ƙasarmu ƙura da zafi da wutar lantarki sun fi masu kutse kashe na'urori. Ku riƙa hure ƙurar hunturu daga fanka, kada ku kulle saba a ɗaki marar iska, ku sa UPS tsakaninta da sauyin janareta, ku cire wayoyi idan hadari ya taso da tsawa. Rumbun da ya fara ƙara yana ƙwas-ƙwas, a kwashe abin da ke ciki a ranar. Filashin da aka saya da araha kuma a cika shi a gwada tukuna, domin akwai na jabu masu nuna girman da ba su da shi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne abin da idonku zai iya gani. Hotuna, saƙonni, takardun asibiti, lissafin banki, duk a buɗe suke a gabanku, kuma mai su ba zai taɓa sanin kun leƙa ba. Kada ku leƙa. Abin da aka kawo a gyara shi za ku gyara. Idan ido ya faɗa kan wani abu bisa tilas, ya mutu a nan, kada ya je majalisa, kada ya je wayar aboki. Na ga auren da ya mutu ta dalilin hoton da ya fita daga shagon gyara. Hukuma ma ta shigo cikin maganar: Najeriya tana da dokar laifukan intanet tun 2015, da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar da take kula da ita. Amma ina fata tsoron Allah da kunyar mutane su riga doka hana ku.

Haka nan kada ku riƙe kalmomin sirrin mutane don a dole a riƙa neman ku. Kafintan da ya sa wa mutum ƙofa ya ɓoye makulli ɗaya a aljihunsa, kowa ya san sunan da ake kiran sa da shi. Duk aikin da kuka gama, ku rubuta: wace waya ta tafi ina, wace na'ura take yin me, ina kwafin ajiya yake, yaushe lasisi zai ƙare, wa za a kira idan intanet ya yanke. Ku sa a ambulan ku damƙa wa mai wurin. Rai ba a hannunmu yake ba, tafiya ma takan taso babu shiri, bai kamata kasuwancin bawan Allah ya tsaya saboda ba a same ku a waya ba. Wanda kuka sakar wa makullinsa shi ne zai sake kiran ku, har ya haɗa ku da abokansa.

Duk da haka wata rana za a kira ku da sassafe a ce fayiloli sun ƙi buɗewa, ga wani rubutu a allo ana neman kuɗi. Ku natsu. A zare wayar sadarwa daga na'urar da ta kamu, a kashe mata Wi-Fi, a raba sauran da ita. Kada a yi gaggawar fomatin, kada kuma a jona rumbun kwafin ajiya a jikinta don a duba ko yana nan, a wata kwamfutar mai lafiya ake duba shi. A ɗauki hoton rubutun da waya. A canza kalmomin sirri daga wata na'urar daban, a fara da imel da banki. Ku faɗa wa maigida gaskiyar abin da kuka sani da wanda ba ku kai ga ganowa ba, ko da sakacin daga wajenku ne. Biyan fansa ba ya tabbatar da dawowar komai, waɗanda NotPetya ta kama ko sun biya babu hanyar buɗewa. Idan bayanan wasu mutane ne suka fita, irin na marasa lafiya ko ɗalibai ko masu ajiya, dokar 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai. Idan abin ya fi ƙarfinku, ku kira wanda ya fi ku sani tun da wuri, babu abin kunya a ciki. Kuma kada ku dawo da bayanan sai kun gano ta inda aka shigo kun toshe, ko tsohon asusu ne, ko manhajar kirak, ko saƙon imel da wani ya buɗe.